Bashi, Jingina da Amana: Tarihin Neman Jari a Tsakanin Ƙananan 'Yan Kasuwar Kafancan da Kewaye, 1927–2023

1.0 Gabatarwa

Yawancin abin da aka rubuta game da tarihin bankuna a Nijeriya an rubuta shi ne daga ɓangaren mai bayar da bashi, wato daga dokokin gwamnati da rahotannin Babban Banki da tarihin manyan kamfanoni. Mai neman bashin kuwa, musamman ƙaramin ɗan kasuwa da manomin karkara, bai sami irin wannan kulawa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin da ƙananan 'yan kasuwa da manoman citta na Kafancan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna suka bi wajen samun jari, daga 1927 zuwa 2023. An zaɓi 1927 ne domin a shekarar aka kammala mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafancan, kuma a daidai wannan lokaci aka fara noman citta don sayarwa a ƙasashen waje. Ita kuwa 2023, a cikinta ne annobar ruɓewar citta ta cinye jarin dubban manoma a damina ɗaya.

Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, a tsawon waɗannan shekaru banki yana neman takarda ne kafin ya bayar da kuɗi, alhali dukiyar ƙaramin ɗan kasuwa tana cikin kaya da iri da mutuncinsa a idon jama'a. Wannan saɓani ne ya tsara dabarun kasuwancin yankin, kuma ya bar sawunsa a cikin harshen Hausa, wanda shi ne harshen ciniki tsakanin Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Hausawa da Fulani da baƙin da jirgi ya kawo daga kudu.

2.0 Kalmomin Bashi a Harshen Kasuwa

Kafin a shiga tarihin ya kamata a dubi kalmomin, domin Hausa ta rarrabe abubuwan da takardar banki ta haɗe wuri guda. "Aro" shi ne karɓar abu a yi amfani da shi a mayar da shi kansa, kamar fartanya ko keke. "Rance" kuwa karɓar kuɗi ne ko hatsi a mayar da kwatankwacinsa ba tare da ƙari ba, yawanci tsakanin dangi ko maƙwabta. "Bashi" ya fi su faɗi, domin ya ƙunshi kayan da aka ɗauka a kasuwa ba a biya ba tukuna. "Jingina" ita ce ajiye gona ko wata kadara a hannun mai kuɗi har a fanshe ta. "Lamuni" a asalinsa tsaya wa wani ne, wato mutum ya ɗauki nauyin biya idan mai bashi ya kasa, kodayake a Hausar kafofin watsa labarai kalmar ta koma nufin rancen banki kansa. Akwai kuma "falle", wanda Polly Hill ta yi bayaninsa a nazarinta na Batagarawa (1972), wato karɓar kuɗi da damina a biya da amfanin gona da kaka.

Wani abin lura shi ne kalmar "riba". A rubutun boko siffa ɗaya gare ta, amma a baki kalmomi biyu ne da suka bambanta a karin sauti da tsawon wasali, kuma daga tushe biyu na Larabci suka fito. Ɗaya ita ce abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, ɗayar kuma ita ce ƙarin da addini ya haramta, wanda a kasuwa ake kira "kuɗin ruwa". Kalmomin da suka shigo daga baya suna nuna zamanin shigowarsu. "Dillali" daga Larabci take, "asusu" da "akawu" daga Yarabanci, su kuwa "banki" da "kanti" da "manaja" da "kamasho" da "sule" da "fam" daga Ingilishi. Tsofaffin kalmomin duk suna bayyana dangantaka tsakanin mutum da mutum, sababbin kuwa sunayen wurare ne da muƙamai da tsabar kuɗi. Bahaushe ya ce "bashi hanji ne, yana cikin kowa", wato bai ɗauke shi abin kunya ba matuƙar ana biya.

3.0 Kafin Zuwan Jirgi

Kasuwanci a wannan yanki ya girmi jirgin ƙasa nesa ba kusa ba. Sunan Zangon Katab kansa shaida ne cewa wurin masaukin fatake ne a kan hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da ƙasashen da ke kudu da ita. Masarautar Jama'a kuwa an kafa ta wajajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau. A wancan zamani wuri ne kuɗin ciniki, jarin falke kuma daga ubangidansa yake fitowa. Ubangida zai ba yaronsa kaya ya tafi fatauci, in ya dawo a yi lissafi, bayan shekaru kuma ya sallame shi da jarin kansa. A zango kuwa fatoma ne ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, kana ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda irin wannan tsari ya riƙe cinikin shanu da goro a Sabon Ibadan ba tare da banki ko kotu ba. Jinginar da ake bayarwa a wannan tsari ita ce suna, domin wanda ya ci amana sau ɗaya ba zai sake samun masauki a zango ba.

Sai dai ba za a manta ba cewa wannan zamani ya haɗa da hare-haren kamun bayi da karɓar gandu daga al'ummomin yankin. Saboda haka hanyoyin bashi na fatake ba su buɗe wa kowa daidai ba, kuma wannan bambanci ya yi tasiri a dangantakar kasuwa har bayan zuwan Turawa.

4.0 Jirgi, Citta da Kanti, 1927–1959

A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu ya haɗu da na Kaduna ta Kafancan, aka kuma ja reshe zuwa Jos. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932 sai hanyar ta zama ɗaya tun daga bakin teku. A 1933 Sarkin Jama'a ya mayar da fadarsa Kafancan. Ma'aikatan jirgi daga kudu, musamman Ibo da Yarabawa, suka cika garin, har sunan unguwar Bayan Loko ya samo asali daga wurin gyaran kawunan jirgi. Albashin waɗannan ma'aikata na ƙarshen wata shi ya haifar da sabon nau'in bashi, wato mai tebur ko mai abinci ta rubuta wa ma'aikaci abin da ya ci har ranar biya.

A karkara kuma harajin da Turawa suka ce a biya da tsabar kuɗi ya tilasta wa magidanta neman abin sayarwa. Wasu suka tafi aikin haƙar kuza a Jos, wasu suka rungumi noman citta, musamman a ƙasar Ham da Kaciya da Kagarko. Manoma suka laƙaba wa nau'o'inta biyu sunayen Hausa, "tafin giwa" mai faɗi mai ruwan ɗorawa da "yatsun biri" mai siririn jiki da duhu.

Yanayin noman citta shi ya tsara buƙatar bashi. Ana shuka ta a farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ba a fara tono ba sai wajen Nuwamba, sa'an nan a tsaga ta a shanya ta bushe. Irinta jikinta ne, wato dole manomi ya keɓe wani kaso mai yawa na abin da ya tona don shukar baɗi, shi ya sa iri ya fi komai tsada a noman. Da kaka kowa na sayarwa farashi ya faɗi, bayan watanni kuma ya tashi. Ribar citta ke nan tana hannun wanda ke da halin jira, mai jira kuwa shi ne mai kuɗi.

Bankunan wancan zamani ba don irin wannan manomi aka kafa su ba. Bankin Birtaniya na Afirka ta Yamma, wanda aka kafa a 1894, da Barclays, wanda ya gaji Bankin Kolonial a 1925, hidimarsu ta gwamnati ce da manyan kamfanoni irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929. Kuɗi yakan gangaro ne mataki-mataki. Banki ya ba kamfani, kamfani ya ba wakilinsa kafin alƙalami, wakili ya ba 'yan kamasho, su kuma su shiga ƙauyuka su ba manomi falle. Kowane mataki yana cire rabonsa, manomin da ya ci kuɗin cittarsa tun tana ƙasa kuwa ba shi da bakin yin ciniki ranar awo. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1935, wadda ta biyo bayan rahoton Strickland na 1934, an yi ta ne don rage wannan dogaro, amma ta fi kafuwa a yankin koko na yamma.

Abin da ya rage wa talaka shi ne adashi da biki da gayya. Adashi bai buƙatar jingina ko kuɗin ruwa, kuma uwar adashi ta san gidan kowa. Ƙungiyoyin ƙabilu na baƙin Kafancan, da ƙungiyoyin zumuntar mata na majami'u, da 'yan layi ɗaya a kasuwa, duk sun mayar da shi hanyar tara jarin farko.

5.0 Banki Ya Nufi Karkara, 1959–1986

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, a shekarar kuma aka kafa Bankin Arewa domin 'yan kasuwar Jihar Arewa su sami inda za su nufa. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi su ne wakilan saye masu lasin na Hukumar Ciniki ta Arewa, wadda aka kafa a 1954, domin banki ya san hukuma za ta sayi abin da suka tara. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun yi wa Kafancan illa ta musamman. Ibo da yawa sun bar garin, layin gabas ya yanke, basussukan da ke tsakanin 'yan kasuwa suka bi ruwa, cinikin citta ma ya ja baya.

Da kuɗin man fetur suka samu sai gwamnatin tarayya ta ɗauki matakai a jere. A 1973 aka kafa Bankin Manoma da hedikwata a Kaduna. A 1977, bisa shawarar kwamitin Pius Okigbo, aka ƙaddamar da shirin bankunan karkara, wanda ya wajabta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a ƙananan garuruwa, kuma kafin ƙarewarsa a 1989 an buɗe rassa fiye da 700 a faɗin ƙasa. A 1977 ɗin dai aka kafa asusun lamunin bashin noma, wanda ya yi alkawarin biyan banki kashi 75 cikin ɗari na abin da manomi ya kasa biya. Haka kuma aka sa cinikin citta a ƙarƙashin Hukumar Gyaɗa ta ƙasa.

Duk da haka ƙofar ba ta buɗe sosai ba, saboda dalilai uku. Na farko shi ne jingina. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma shardanta amincewarsa kafin a jinginar da filin da ke da takardar shaidar mallaka. Gonar gado ta iyali ba ta da irin wannan takarda, ba kuma mutum ɗaya ke da ita ba balle ya jinginar. Mata kuwa, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin tsaga citta da ƙananan sana'o'i, a al'adun yankin da dama ba sa gadon gona. Na biyu shi ne lokaci. Takardun neman bashi sukan daɗe a ofis har lokacin shuka ya wuce, kuɗin da ya zo a Yuli kuwa ba jarin citta ba ne, na cefane ne. Na uku shi ne harshe, domin fam da yarjejeniyar banki da Ingilishi ake rubuta su, ciniki kuwa da Hausa ake yin sa. Sakamakon haka rassan karkara suka fi zama wuraren karɓar ajiya da biyan albashi, kuɗin da suka tara ya riƙa tafiya birane, har sai da Babban Banki ya wajabta musu bayar da wani kaso na ajiyar a matsayin bashi a inda aka tara ta.

6.0 Tsuke Bakin Aljihu da Bankunan Jama'a, 1986–2005

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya rushe hukumomin ciniki, ya karya darajar naira, a 1987 kuma aka sakar wa bankuna mara su yanka kuɗin ruwa da kansu. Ga manomin citta wannan ya zo da fuska biyu. Farashinta a naira ya tashi, masu saye daga Kano da Legas suka riƙa shigowa kasuwannin Kwoi da Kaciya kai tsaye, amma taki da sufuri da bashin banki duk suka yi tsada. A wannan zamani ne kuma harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, albashin da ya riƙe masu tebur na Kafancan shekara sittin ya ƙafe, kaya suka koma kan manyan motoci.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta gwada wata hanya. A 1989 ta kafa Bankin Jama'a, wanda ya ɗauki darasi daga Bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangaladash, wato a ba rukunin mutane bashi su tsaya wa juna ba tare da jingina ba. A 1990 aka fara bankunan al'umma, na farkonsu kuwa a Tudun Wadan Kaduna aka buɗe shi. A nan hukuma ta amince da abin da uwar adashi ta daɗe da sani, cewa sanin mutum jingina ne. Sai dai jama'a da dama sun ɗauki kuɗin gwamnati a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, ba a biya ba, bankunan al'umma da yawa kuma suka rufe saboda ƙarancin jari da rashin iya gudanarwa. A 2000 aka haɗe Bankin Jama'a da Bankin Manoma.

A Kafancan kanta, Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma ta zauna a Bayan Loko, ta bi wannan tafarki na ba ƙungiyoyin matan karkara ƙananan basussuka bisa lamunin junansu. Ban da wannan, iyalai sun ci gaba da ajiye dukiyarsu a cikin abin da za a iya sayarwa da gaggawa, kamar awaki da buhunan busasshiyar citta. A gidajen Kirista da yawa kiwon aladu ya zama asusun kuɗin makaranta, kasuwar aladu ta Katsit da ke ci ranar Alhamis kuma ta shahara har masu saye na zuwa daga kudancin ƙasar.

7.0 Rikici da Karyewar Amana

Tsarin da ya dogara da amana yana da rauni guda, wato duk abin da ya raba jama'a ya raba jarinsu. Rikicin da ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafancan a Maris 1987, da na Zangon Katab a Fabrairu da Mayu 1992, wanda musabbabinsa na kusa shi ne sauya wa kasuwa mazauni, da na Kafancan a 1999, da na bayan zaɓen Afrilu 2011 wanda a cikinsa kasuwar garin ta ƙone, kowannensu ya ci rayuka da dukiya daga ɓangarorin biyu. Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta bashi. Ɗan kasuwar da rumfarsa ta ƙone ba shi da inshora, kayan da ke ciki kuma sau da yawa na wani ne. Dillalin da ya saba bai wa manomi kuɗi tun damina ya daina shiga ƙauyen, manomin ma ya daina kawo masa kaya. Unguwanni suka rabu, adashi ya koma tsakanin 'yan addini ɗaya, da'irar da mutum zai nemi rance a cikinta ta ƙuntata. Su ma bankuna sukan ƙara tsaurara sharuɗɗa a duk inda suka ga babu kwanciyar hankali.

8.0 Daga 2005 Zuwa Annobar 2023

Gyaran da Charles Soludo ya jagoranta ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, ya rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, Bankin Arewa ma ya narke cikin Unity Bank. Yanke shawarar bashi ya ƙara komawa manyan ofisoshi, nesa da manajan da ya san mai nema. A Disamba 2005 aka fito da manufar ƙananan bankuna, aka umarci bankunan al'umma su rikiɗe zuwa wannan tsari. Bankin Jaiz, wanda ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012. Dokar 2017 ta halatta jinginar da kadarori masu motsi, kamar injin niƙa da dabbobi da kayan rumfa, ta hanyar yi musu rajista. Wannan doka ita ce ta fi kusa da magance tsohuwar matsalar takardar fili, sai dai tsadar kuɗi ta rage amfaninta, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuwa ya haura haka.

A daminar 2023 wata cuta ta naman gwari ta auka wa gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12, a 2024 kuma ta sanar da tallafin naira biliyan 1.6. Annobar ta bayyana inda jarin yankin yake tun 1927. Manomin da banki bai karɓa ba ya mayar da iri bankinsa, yana juya shi daga shekara zuwa shekara. Da irin ya ruɓe a ƙasa sai uwar kuɗi da riba suka tafi tare, falle da kuɗin adashin da aka zuba a gona kuma suka zama bashin da babu abin biyansa. Adashi yana ceton mutum ɗaya idan sauran na tsaye, amma ba ya iya ɗaukar masifar da ta sami kowa a lokaci guda.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa dabarun ƙaramin ɗan kasuwar Kafancan da kewaye, wato shiga adashi, da kama ubangida, da ɗaukar kaya bashi, da raba jari tsakanin gona da kiwo da tebur, amsa ce ga sharuɗɗan da banki ya gindaya tun zamanin Turawa. Shirye-shiryen gwamnati na 1973 da 1977 sun kawo ginin banki kusa amma sun bar sharaɗin jingina yadda yake, na 1989 da 1990 sun sassauta jingina amma sun kasa karɓo kuɗinsu. Hanyoyin gargajiya sun fi su sanin mai bashi, sai dai jarinsu kaɗan ne, kuma rikici da annoba suna karya su. Abin da tarihin ke nunawa shi ne buƙatar bashin da zai zo kafin shuka, ya jira har farashi ya tashi, ya karɓi kaya a sito da lamunin ƙungiya a matsayin jingina, ya kuma zo tare da inshorar amfanin gona.

Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki a gaba. Ya kamata a tattara kalmomin bashi da ajiya na Hausar kudancin Kaduna, a kwatanta su da na Jju da Tyap da Hyam, a ga waɗanda aka ara da waɗanda ma'anarsu ta sauya. Haka kuma ana buƙatar daidaita kalmomin banki a Hausa, ta yadda mai sa hannu a yarjejeniya zai bambance rance da bashi mai ruwa, ya kuma san ko lamunin da ake faɗa masa kuɗi ne za a ba shi ko nauyin wani ne zai ɗauka.